Zango bisa rairayin Isa: yadda jirgi ke kwana tsakanin Yamai da Gaya

Mutumin Maraɗi, ko na Damagaram, ko na Tawa, in aka ce masa zango, abin da zai faɗo masa a rai shi ne gindin gawo ko na tsamiya a bakin hanya, inda fataken dauri suke sauke jakuna da raƙuma, ko kuwa tashar manyan motoci ta Birnin Ƙonni da ta Doso, inda direbobi ke shimfiɗa tabarma ƙarƙashin kamyo su jira asuba. Mu mutanen tudu ne. Gulabenmu, na Maraɗi da na Kaba, ƴan watanni suke gudu da damana, sa'an nan su kwanta su bar wa masu lambu yashi. Amma can yammacin ƙasarmu akwai wata babbar hanya wadda babu kwalta bisa kanta, ita ma tana da fatakenta, da zangunanta, da ƙa'idodin sauka waɗanda wanda ya raina su kan biya da dukiyarsa, wani lokaci ma da ransa.

Hanyar nan ita ce kogin da Zabarmawa ke ce wa Isa Beri, wato babban gulbi, wanda ƴan uwanmu na Yawuri ke kira Kwara. Daga duwatsun ƙasar Gine ya taso, ya yi tafiyar wajen kilomita 4200 kafin ya zuba a teku. Rabonmu cikin wannan doguwar tafiya wajen kilomita 550 ne, daga Labezanga bisa iyakar Mali har ƙasan Gaya. Mota tana cinye hanyar Yamai zuwa Gaya cikin rabin wuni, amma jirgin katako da aka laɓta wa buhuna ba ya iya haka; tilas dare ya riske shi a hanya, tilas ya nemi wurin kwana. Tsofaffin matuƙa kuwa bakinsu ɗaya bisa wannan magana: tuƙi da rana duk yaro mai ƙarfin dantse yana iyawa, gwani sai da magariba ake gane shi, wajen ɗaurin jirgi.

Daga gada zuwa giginya

Wanda ya tashi daga Yamai, ya bar gadar Kenedi da aka buɗe a 1970 a bayansa, gonakin shinkafa na Saga da na Kolo ne za su raka shi, da mata masu wanki, da ƴan su suna jefa birgi. Daga nan sai Sayi, garin malamai, inda Alfa Mahaman Jobbo ya kafa zaurensa na karatu a farkon ƙarni na 19, inda kuma Bajamushen nan Barth, wanda mutanen Kano da Kukawa suka sani da sunan Abdulkarimu, ya ƙetare ruwa a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Bayan Sayi ƙauyuka sukan fara nisa da juna, gaɓa ta tashi ta zama dutse, gulbi ya shiga karkata dama da hagu har ya zana harafin nan na boko W, wanda gandun dajin wurin ya samo sunansa daga gare shi. An mai da gandun dajin ƙasa a 1954, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. A nan kuka ce ke tsaye bisa tuddai, gwaggon biri na saukowa shan ruwa da la'asar.

In aka fita daga karkatun sai Bumba, garin masu su da masu bandar kifi, inda Dallol Boso ke gamuwa da gulbi ta hagu, Mekuru kuma ta dama. Daga bakin Mekuru gaɓar dama ta zama ƙasar Benin. Sai tsibirai, babbansu Lete, wanda aka daɗe ana jayayya a kansa har kotun duniya ta La Haye ta yanke hukunci ranar 12 ga watan Yuli na 2005: cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9, iyaka kuma ta bi mafi zurfin hanyar jirgi. Ashe a wannan yanki, wanda ya kafa turkensa da dare ba tare da lura ba yana iya wayar gari a ƙasar da ba tasa ba, da kayan da ƴan duwan na can ba su san da su ba. Ƙarshen tafiya Gaya, ƙasar Dandi, mai giginya da rake da ruwan sama fiye da ko'ina cikin Nijar.

Gaɓar Hausa da gaɓar Gurma

Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne sunan da mutanen gulbi suka ba gaɓoɓin nan biyu tun kaka da kakanni. Ta hagu, wadda ke fuskar gabas da arewa, Hausa suke ce mata. Ta dama kuwa Gurma. Ga matuƙi bambancinsu ya wuce suna, domin iskokin ƙasarmu masu ƙarfi daga gefen Hausa suke fitowa. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, hadarin damana kuma daga gabas yake tasowa. Jirgin da ya kwana a gaɓar Hausa yana cikin kariyar tudu, taguwa ba ta dukansa, amma iska tana tura shi zuwa tsakiyar ruwa; in igiyarsa ta kwance, sai a farka a tarar ya tafi. Wanda ya kwana a gaɓar Gurma ba zai gudu ba, sai dai iska ta ratso faɗin gulbi ta tara taguwa, ta yi ta buga shi da ƙasa har ƙusoshi su saki, katako ya buɗe baki. Kowace gaɓa da irin ɗaurin da take so.

Haka kuma gulbin cika biyu yake yi cikin shekara, abin da ke ruɗa baƙo. Ta farko ita ce jan ruwa na watan Agusta da Satumba, wanda rafukan gefen Gurma, su Goruwol da Dargol da Sirba, ke kwararowa da shi bayan ruwan sama, ja wur da laka. Wannan ba shi da alƙawari, yana iya tashi cikin dare ɗaya. Shi ne ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai cikin Satumba na 2020, ya fasa shinge, ya ci unguwanni. Ta biyu ita ce ruwan Gine, wanda ya sauka can da damana amma ya tsaya ya bazu cikin fadamun ƙasar Mali wata da watanni, bai iso mana ba sai tsakiyar ɗari, wajen Disamba da Janairu, ya bar lakarsa a hanya. Shi a hankali yake hawa, a hankali yake sauka. Daga nan ruwa ya yi ta ja da baya har Mayu da Yuni, lokacin da tuddan yashi ke fitowa fili. Dattawan Yamai ba su manta Yuni na 1985 ba, sa'ad da gulbin ya daina gudu ɗungum a gaban birnin. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kwatano da Lome sun ga yadda teku ke cika ta janye sau biyu kowace rana, har masu su na can sukan jawo jiragensu tudu bisa gungume. Isa ba ta da wannan, amma duk wanda zai kwana gefenta sai ya tambayi kansa tukuna: ruwan nan hawa yake ko sauka?

Zaɓen wuri da ɗaurin jirgi

Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ba a neman zango bayan duhu ya rufa. Tun rana tana da sauran tsawon mashi biyu matuƙi ke fara duban gaɓa. Inda gulbi ya karkata, bayan kwanar shi ne wurin zurfi da ƙarfin ruwa, nan yake cin ƙasa ta ƙarƙashi. Gaɓa ce mai tsayi mai inuwa, tana jan ido, amma tana iya zubowa bisa jirgi da itacen da aka ɗaura igiya a kansa. Cikin kwanar kuwa ruwa sanyi-sanyi yake tafiya, yana ajiye yashi, nan ne farin rairayi ke shimfiɗe kamar an share. Shi ake nema. Iska tana ratsa shi, sauro ya yi ƙaranci, ana ganin abin da ke tahowa daga nesa. Ana kauce wa bakin rafi, ko da busasshe ne, saboda ruwan da aka yi a wata ƙasa yana iya isowa da tsakar dare. Ana kauce wa kwantaccen ruwa mai ciyawa, inda dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya yake.

In an sami wuri, ba a dosarsa kai tsaye. Matuƙi yakan wuce shi kaɗan, ya juyo da goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, sa'an nan ya matso a hankali, yaronsa yana tsaye a gaba yana auna zurfi da gwangwala. Dalili shi ne jirgi siriri ne ta goshi, ruwa yana tsagewa ya wuce shi. In ya ba ruwa haƙarƙari, duk tsawonsa ya zama bango, babu igiyar da za ta riƙe shi.

Sa'an nan ɗauri biyu ake yi, domin jirgi mai ɗauri ɗaya kamar akuya ce a turke, zagaye take yi duk dare. Na farko cikin ruwa, sama da jirgin kuma nesa kaɗan da gaɓa. Masu hali suna da anga ta ƙarfe mai ƙugiya. Mafi yawa kuwa tsohon ƙarfen mota ne, ko dutse da aka ɗaure tam, ko buhu cike da tsakuwa. Asirin ba ga nauyin kaɗai yake ba, yana ga tsawon igiya. In igiya gajera ce, sama take jan angar, kowace taguwa sai ta ɗaga ta kamar ana cire rogo. In doguwa ce, a kwance take ja, angar ta ƙara nutsewa cikin yashi. Ma'aunin da matuƙan teku da na gulbi suka dace a kai shi ne igiya ta kai zurfin wurin sau biyar ko fiye: ruwa mai mita 2, igiya mita 10 ko 12. In an sa guntuwar sarƙa tsakanin anga da igiya, ya fi, domin nauyinta yana kwantar da jan, kuma dutse ba ya cinye ta.

Ɗauri na biyu a tudu. Bisa rairayi babu itace, turke kuma a yashi ba ya da ƙarfi sai an san kafa shi: a karkace ake buga shi, kansa yana kallon tudu, a ɗaura igiya can gindinsa dab da ƙasa. In iska ta yi alamar tashi, sai a haƙa rami kamu biyu, a kwantar da gungume ko filafili a gicciye da igiya a tsakiyarsa, a mai da yashi a tattake. Wannan ko jirgi mai tan goma ba ya tumɓuke shi da sauƙi. Ƙullin kuma ya zama mai riƙewa amma mai kwancewa da ja ɗaya, wuƙa tana kusa, saboda akwai daren da barin wuri da gaggawa shi ne tsira.

Kuskuren da baƙi suka fi so shi ne a tura goshin jirgi bisa yashi don a sauka ƙafa a bushe. Ga ƙaramin kwalekwale babu laifi, a jawo shi tudu gaba ɗaya a kife. Amma jirgi mai kaya, in ruwa ya sauka ko da taƙi ɗaya ne cikin dare, goshinsa ya zauna a ƙasa, gindinsa yana lilo, nauyin buhuna ya karya masa baya. In kuma ruwa ya hau, ya ɗauke shi salin-alin. Saboda haka a kan ruwa ake barinsa, da zurfin gwiwa ko cinya ƙarƙashinsa, tsakanin igiyoyinsa biyu, a ɗaga inji kada farfela ta taɓa ƙasa. Abu na ƙarshe, a soka ɗan kara daidai inda ruwa ya tsaya. Karan nan shi ne agogon zango.

Dare a bakin ruwa

Shekarun baya, tun hanya tana lafiya, na bi wani jirgin ƴan kasuwa daga Sayi zuwa Bumba cikin watan Janairu. Da la'asar sakaliya mai jirgin, wani dattijo cikin Sarkawa, ya rage wuta ya nufi wani farin tudu. Wani Alhaji mai buhunan albasa, wanda ke son ya riski kasuwa tun da sassafe, ya ce masa: «Baba, ga farin wata, ga inji lafiya lau, me zai hana mu ƙara gaba? Ko kuɗin esansi ne in ƙara.» Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce: «Alhaji, wata yana nuna maka saman ruwa, ba ya nuna maka dutsen da ke ciki. Albasarka za ta kwana, gobe ta ci kasuwa.» Alhaji ya yi shiru, ya ɗauki butarsa.

Kafin a hura wuta sai da aka aiki yaro wani ɗan ƙauye da ke bayan tudu, ya gai da mai gari, ya faɗi ko su wane ne da inda suka nufa. Da ɗan gari akan ci gari. Su ne suka san inda masu su suka shimfiɗa taru da mamari, kada anga ta faɗa ciki ta jawo shari'a. Yaron ya komo da tarwaɗa da kurungu. Aka yi salla bisa yashi, aka dafa shinkafa, aka ɗora shayi, kowa ya kafa sangensa da karare huɗu, can sama da inda danshi ya tsaya. Sanyin gulbi na watan Janairu ba wasa ba ne, sai da bargo. Mutum ɗaya bai sauka ba: babban yaron jirgi a ciki ya kwana, da fitila a rataye don jiragen dare su gan shi, da ƙwarya ta kwarfe ruwan da ke tsatsowa. Sau uku na ga dattijon ya tashi da tocila, ya duba karansa, ya taɓa igiyoyi, ya ture tarin kainuwar da ta taru a kan ta gaba. Baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ta mamaye gulbin tun ƙarshen shekarun 1980, in ta taru bisa igiya nauyinta kaɗai ya isa ya ja anga.

Akwai kuma masu wurin na asali. Dorina da rana cikin ruwa take, da dare take fitowa kiwo, kuma hanyarta ɗaya ce kullum: wani faffaɗan sawu mai santsi da ya hau gaɓa ya nufi ciyawar burgu ko gonar shinkafa. Wanda ya shimfiɗa tabarma tsakaninta da ruwa ya tare mata mafaka, ita kuwa ba ta kewaye. A watan Nuwamba na 2014 dorina ta kife wani jirgi kusa da Libore, dab da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 cikinsu yara ƴan lakwal. Shi ya sa kafin a sauke ko tabarma ɗaya, matuƙi kan zagaya tudun yana karanta sawu. Wani tsohon abokin gaba kam an rabu da shi: ɗan baƙin ƙudan nan na wuraren da ruwa ke gudu bisa duwatsu, wajen Tapowa da Mekuru, wanda cizonsa ya makantar da mutane har ƙauyuka suka tashi. Bayan yaƙin da aka fara da cutar a 1974, hukumar lafiya ta duniya ta shaida a watan Janairu na 2025 cewa Nijar ta kawar da ita, ta farko a Afirka.

Darasin waɗanda suka wuce

Turawan farko da suka bi ruwan nan sun bar misali biyu. Mungo Park, mutumin Sikotilan, ya taso daga Sansandin a ƙarshen 1805 da niyyar kada ya sauka ko'ina. Tsakiyar ruwa yake tsayawa, bai gai da sarakunan gaɓa yadda ya kamata ba, ya yi ta faɗa da mutane a hanya. A farkon 1806 jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, can ya halaka. Wurin ma yanzu yana ƙarƙashin tafkin madatsar Kainji tun 1968. Shekara 90 bayansa, a 1896, Bafaranshen nan Hourst ya iso yankin Sayi ruwa yana sauka, sai ya ɗaure jiragensa a wani tsibiri ya zauna wata biyar yana jiran cika, sa'an nan ya wuce Busa lafiya har teku. Ba yabon abin da ya kawo shi muke yi ba, kowa ya san abin da ya biyo bayan irin tafiye-tafiyen nan. Amma ta fuskar gulbi hukuncin a fili yake: wanda ya yi gaggawa ya nutse, wanda ya jira ya wuce.

Yau kwana bisa rairayin Isa ya zama abin da sai an yi tambaya ƙwarai. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jahar Tilaberi, rashin tsaro kuma ya kai har dajin W, ya kori masu yawon buɗe ido da masu yi musu jagora. A ɗaya gefen kuwa, da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, mutane da kaya suka koma ruwa, jirage suka yawaita, samari da yawa da ba su gaji sana'ar ba suka sayi inji suka zama matuƙa cikin mako guda. Inji yana koya wa mutum gudu, ba ya koya masa tsayawa. Tun kafin haka ma, a watan Fabrairu na 2019, wani jirgi maƙil da ƴan kasuwa masu zuwa cin kasuwar Una, a yankin Sambera, ya kife cikin iska, fiye da mutum 40 suka tafi.

A irin wannan akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Ɗan kasuwar da ya san ya duba tayar kamyo da birkinsa kafin ya ɗora kaya, ya kamata ya duba jirgi haka nan: igiya nawa ke ciki, ina angar, wa zai kwana a ciki, kuma kada ya matsa wa matuƙi da kuɗi ya yi tafiyar dare. Ma'aikacin da aka tura aiki bakin gulbi, malamin lakwal ne ko na asibiti ko na duwan, ya nemi tsofaffin Sarkawa ya zauna da su, domin abin da ke kansu babu shi cikin takardun ofis. Hukumomin garuruwan gaɓa kuma, da ke karɓar haraji a kowace tashar jirgi, turakun ƙarfe da fitila da rigunan ceto ba su fi ƙarfin asusunsu ba, haka ma sa sababbin matuƙa su yi koyo a hannun sarakunan ruwa kafin a ba su izinin ɗaukar mutane.

Igiya mita goma sha biyu, da tsohon ƙarfe, da ɗan kara a bakin ruwa, duka kuɗinsu bai kai na buhun albasa ɗaya ba, alhali su ne ke tsaron jirgi da abin da ke cikinsa har gari ya waye. Allah shi maido da lafiya bisa gaɓar Hausa da ta Gurma, shi kai matafiya gida da dukiyarsu.